Takardar Kan Langa

Ban yi karatu ba, 'yata ce take rubutawa ina faɗa. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, har yau in na ambace shi sai hawaye ya zo. Amma abin da zan faɗa na daɗi ne.

Ina yarinya a ƙauye kakata take zanen ƙwarya, ni kuma ina kwaikwayonta a ƙasa da tsinke, har hannuna ya faɗa. Da na yi aure muka dawo Kano, Malam ya samu aiki a wata masaƙa a Sharada. Haihuwa da girki da wanki suka cinye ni. Shekaru suka wuce ban ja ko layi ɗaya ba, na ɗauka hannun ya mutu.

A lokacin masaƙu na aiki ba tsayawa. Mazan unguwarmu duk a can suke, abincin rana kuma wani dattijo mai keke ne yake bi gida gida ya karɓa ya kai bakin ƙofar kamfani. Matsalar ita ce langa. Dukanmu iri ɗaya muka saya, fara mai jan fure, wadda ake yi a Bompai. Ran nan na yi masa shinkafa da wake har da kifi, ya dawo da yamma yana ɓata rai.

"Ke kuwa yau me na yi miki? Dambu ba mai, ga barkono kamar na gayya."

"Malam, ni dambu? Wani dai ya ci kifinka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a sa alama. Maƙwabciyata da ta yi firamare takan rubuta sunan mijinta. Ni ban iya ba, kuma kunya ta hana ni roƙo. Washegari ina jin ƙararrawar mai keke a bakin layi, na yago takardar buhun siminti, na ɗauki gawayi a murhu, na zana butar alwalar Malam, na cusa a ɗaurin langar.

Da ya dawo ya ce, "Na gane tawa. Ai kabewar nan taki ta yi kyau."

"Buta ce."

"To, butar ta sha ruwa da yawa."

Abin ya ci min rai. Gobe na sake butar, jibi ma haka. Mai keke ba ya jira, daga ƙararrawarsa ta farko zuwa ƙofarmu gida shida ne, iya lokacina ke nan. Ba damar gogewa, ba damar tunani. Ashe abin da hannun yake so ke nan. Kafin wata ya cika butar ta yi baki da mariƙi. Na shiga zana ludayi, fitila, ganyen zogalen tsakar gida. Abu mai rai dai ban taɓa ba. Malam ya kawo min fensir da ragowar takardu masu kauri daga wurin aiki, ya ce gawayi na ɓata masa murfi.

Sai matan layi suka gani, kowa ta ce in yi mata. Na ji daɗi, na yi wa gida biyar buta iri ɗaya. Ranar Malam ya sake cin dambu.

"Yau kin aurar da ni ga layi gaba ɗaya," in ji shi.

Daga nan na canja. Su ina yi musu fure. Shi kuwa abin da na gani a ɗakinmu da safe nake zana masa, wanda ba mai ganewa sai shi: hularsa mai yagewa a gefe, rediyon da aka ɗaure da roba, takalminsa da dunduniyar hagu ta cinye. Ya ce abokan aikinsa kan leƙo su ce, "Yau me uwargida ta aiko?" Sai ya ɓoye a aljihu.

Da ya rasu na daina. Azahar ta yi, ba langa, ba ƙararrawa, ina zaune ina kuka. Wata rana na ɗauki fensir, na ji yatsuna sun sandare kamar wancan karon, tsoro ya kama ni. Na ce wannan hannun shi ya taya ni tashe shi, ba zan bari ya bi shi ba.

Yanzu kullum in na ɗora tukunyar rana, ina zana abu ɗaya kafin ruwa ya tafasa. Yau takalminsa na zana. 'Yata ta duba ta ce dunduniyar hagu ta karkace. Na ce mata haka yake.