Gilashin Ya Yi Ƙyalli, Baba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu. Ranar Talata, goma sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, ɗiyarka ta kira wayar teburina ta ce ka cika, kwana goma sha biyu bayan aikin da aka yi maka a ciki. Ina riƙe da katin wani majinyaci a lokacin, har yau ban tuna ko na miƙa masa ba. Baba, shekara goma sha ɗaya kana sharar wannan cibiya tamu ta wankin ƙoda, ni kuma ina kan teburin kati ina kallonka. Kafin ka tafi asibiti ka bar mini amana guda ɗaya, tankin kifin da ke ɗakin jira. Dole in gaya maka abin da ya same shi. Amma bari in fara faɗin ko wane ne kai, tun da na ga masu tsayawa yabonka ba su sani ba.

Likitan da ya kafa cibiyar ne ya girka tankin kafin ya yi ritaya. Tsawonsa ya kai gadon majinyaci, ruwan cikinsa na gishiri ne irin na teku, samansa a buɗe yake ƙarƙashin fitilu. Akwai kifaye tara, akwai murjani mai rai. Baƙo zai ɗauka murjanin nan duwatsu ne masu launi, alhali dabba ne, yana ci, yana girma, a shekara da ƙyar yake ƙara gaɓar yatsa, kuma abin da ba zai sa mutum ko atishawa ba shi zai iya kashe shi. Akwai mai gwajin ruwa da ke zuwa duk Litinin ya kula da cikin tankin. Wajen gilashin kuwa naka ne.

Ban san ɗan Adam yana da maiƙo haka ba sai da na zauna daura da gilashin nan. Wannan ya jingina kai ya bar shatin man gashi. Wancan ya gama suɗe ƙashi ya nuna kifi da yatsa. Yara su manna hanci su bar majina ta bushe a wurin, wani ya liƙa cingam a ƙasan baki. Na taɓa ganin babban mutum, da agogonsa mai tsada, ya mai da gilashin madubi yana matse ƙurji. Ni ina daga zaune ina kau da kai, kai kuwa ban taɓa ganin ka yamutsa fuska ba.

Tsumma biyu gare ka masu laushi, a cikin ledarsu daban. Ba su san banɗaki ba, ba su san sabulu ba, da ruwan zafi kawai kake wanke su. Kwalbar feshinka ba komai a ciki sai tataccen ruwa da ɗan ruwan khal, tsamin nan na girki. Za ka wanke hannu, ba ka shafa mai, ka taka har bakin baranda, ka juya wa tankin baya, ka fesa a jikin tsumman, sannan ka dawo ka goge daga sama zuwa ƙasa, ka bi da busasshen. Gishirin da ke daskarewa a bakin tankin ba ka kankare shi. Kana ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma har ya yi laushi, ka janyo shi waje, domin busasshen gishiri yana ƙarce gilashi. Duk wanda ya shigo ɗakin da gwangwanin turare ko maganin sauro, kafin ya girgiza shi ka riga ka iso gabansa. Shi ya sa muka raɗa maka Baba Kar-a-fesa, kana amsawa kana dariya.

Manaja ya taɓa tsayawa a kanka da agogo. Ya ce, "Baba, minti arba'in a kan gilashi ɗaya? Gilashi ne fa, ba idon jariri ba." Ka ce, "Ranka ya daɗe, ai gilashin ba ya mutuwa. Na bayansa nake ji." Ya yi tsaki ya wuce, a rahoton watan ya rubuta cewa kana da nawar aiki.

Bai san abin da tankin nan yake yi wa mutane ba. Masu zuwa wurinmu sau uku suke zuwa a mako, da yawansu sun san ba warkewa za su yi ba, kuma kafin a kira su kan na'ura ba abin da za su kalla sai junansu. Kai ne ka lura masu keken guragu daga ƙasa suke kallo, sai ka riƙa durƙusawa da gwiwoyinka masu ciwo kana maimaita gugar ƙasan. Ranar da wata dattijuwa ta yi amai a gaban tankin, ka tsaya tsakaninta da idon jama'a kana kwashewa, kana ba ta labarin wani ɗan kifi mai ruwan ɗorawa da ka ce ya fi kowa masifa, har ta manta da kunya ta yi murmushi. Ni kaina, lokacin da nake da ciki warin maganin goge ƙasa yana sa ni amai, wata shida ka yi kana zuwa kafin kowa don ƙasan ya bushe kafin in iso. Ban roƙe ka ba, ba ka kuma taɓa ambata ba.

Ranar da za ka tafi aikin ka ajiye mini ledar a kan tebur. Ka ce, "'Yata, ban ce ki goge kamar ni ba. Ko ya yi dauɗa ki bar shi, dauɗar waje ba ta kashe su. Ki dai tsaya kar a fesa." Na ce ka tafi hankali kwance. Duk kwanakin jinyarka na tsare, har faɗa na yi da wata nas a kan turarenta.

Ranar Juma'a bayan rasuwarka ma'aikata muka shirya zuwa gidanka gaisuwa. Muna fita Manaja ya tare ni. Ya ce gobe Asabar masu cibiyar za su zo taron tunawa da kai, a gaban tankin za a yi tun da shi aka san ka da shi, saboda haka in gaya wa mutane biyun da kamfanin shara ya turo a madadinka su sa shi ya yi ƙyalli. Direban motar da za ta kai mu yana ta danna hon. Na miƙa wa masu sharar makullin sito, na ce, "Manaja ya ce a goge tanki sosai," na ruga mota. Ledarka tana cikin durowata a kulle. Mun kai shatale-tale na tuna. Wallahi na tuna, Baba. Amma mota cike take, an riga an yi ta gunagunin na ɓata lokaci, sai na ji nauyin in ce a juya. Na ce a raina ai da hankalinsu.

Ba na ganin laifinsu, abin da aka ce su yi suka yi, kuma da ƙarfinsu. Sun fesa shuɗin ruwan goge taga kai tsaye a jikin gilashin, tun daga baki. Sun fesa man goge katako a jikin kabad ɗin da tankin ke kai. Gishirin bakin suka kankare shi ya zube ciki, suka bi har gefen ciki da tsumman da suka gama wanke banɗaki da shi. Da suka gama suka bi ɗakin da turaren gwangwani, suka rufe tagogi don ƙamshin ya kwana.

Da safe wari ne ya tare ni tun daga baranda, ƙarni mai nauyi kamar an manta ɗanyen kifi a cikin rufaffiyar mota, ga turare a kansa. Ruwan ya yi fari-fari. Kifaye bakwai sun juya ciki sama. Naman murjanin yana saluɓewa daga jikinsa yana yawo kamar majina, ƙashinsa fari fat a waje. Gilashin kuwa ya yi ƙyalli, ban taɓa ganinsa haka ba, ba abin da ya ɓoye mini. Na yi amai a kwandon shara.

Na ɗauka za a fasa taron. Manaja ya sa aka kwashe matattun kifayen a leda, aka ƙara fesa turare don a danne warin, aka jingina hotonka da aka ciro daga katin aiki, aka zagaye shi da furen roba daidai inda ɓarnar ta fi yawa. Ya tsaya a gaba ya leƙa takarda kafin ya faɗi sunanka, ya ce kai ne ka koya mana muhimmancin tsabta. Aka yi tafi. Wata daga cikin baƙin tana toshe hanci da gefen mayafinta tana gyaɗa kai. Ban taɓa jin ƙyamar wani taro kamar wannan ba, kuma duk cikin ɗakin ba wadda nake ƙyama kamar mai riƙe da makullin durowa.

Mai gwajin ruwa ya zo a gigice, ya sauya ruwa, ya zuba gawayin tacewa, ya yi iya yinsa. Kifi biyu da guntun murjani ɗaya da bai fi babban yatsa ba ya samu ya kwashe zuwa shagonsa. Ranar Alhamis aka tsiyaye tankin aka fitar da shi. Talabijin aka rataya a wurin. Majinyata suna shigowa suna tambayata ina kifayen Baba, ina cewa an kai su gyara.

Ranar Lahadi na koma gidanka ni kaɗai don in faɗa wa Inna, matarka, gaskiya. Kafin in buɗe baki ta kama hannuna. Ta ce, "Ke ce mai kati ko? Sannu, 'yata. Ko ana gobe zai rasu sai da na tambaye shi kifayensa, ya ce shi kam ba ya tunaninsu, suna hannunki." Ta sa mini albarka har sau uku. Na ce amin, na tashi na fito ban faɗi komai ba.

Inna, ga abin da na kasa faɗa a gabanki. Tankin babu shi. Ba Manaja ne ya karɓi amanar ba, ba masu shara ba ne, ni ce, kuma kalma uku kawai ake buƙata in faɗa, kar a fesa, ban faɗa ba. Albarkar da kika sa mini ban cancance ta ba, ina roƙon ki yafe mini, tun da shi ba ni da hanyar roƙonsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya karɓi kowace durƙusawa da ka yi domin marasa lafiya. Allah Ya ba Inna da ɗiyarka da jikokinka haƙurin rashinka, Ya tsaya musu. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, kada Ya kama ni da abin da ka tafi kana zaton na tsare maka.