Jinkata a Kan Bangon Wani

Duk tsufan da zan yi, daminar da ruwa ya raba ni da ɗakina ba za ta fita daga raina ba. Zamanin kumandan ne, lokacin mulkin Faransa, na baro Gabi da mai ɗakina da jaririyarmu muka sauka Madarunfa. Filin tudu duk yana da masu shi, sai aka nuna mini kwari a bakin tabki. Na yi ta godiya, ban tambayi abin da ya hana wasu zama wurin ba.

Na gina ɗaki na tubali, na ɗora masa jinkar da na yi wata guda ina yi. Da tsakar damina, wata ranar Laraba da hantsi, tabki ya cika ya shigo mana. Muka haye tudu muna kallo. Bango ya narke kamar fura a nono, jinka kuwa ta sauka bisa ruwa a tsaye, ta yi gabas abinta, ko karkacewa ba ta yi ba.

Kwana uku muna raɓe a zauren mutane, jaririya na tari. Shuci, ciyawar da ake jinka da ita, ba ya samuwa sai kaka, don haka dole na bi sawun jinkata. Na same ta zaune daram a kan ɗakin wani masunci, wanda iska ta yaye masa tasa. Ƙullin igiyata na gane.

Na ce, "Malam, wannan jinkata ce."

Ya ce, "A ruwa na kama ta. Abin da na kama a ruwa kuwa tun kakana namu ne."

Muka tafi gaban mai gari. Na ce, "Ranka shi daɗe, jinka ba kifi ba ce." Tsohon ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke cewa sama tawa ce, ƙasa ta masunci, kuma ba mai taɓa ko ɗaya sai ruwa ya ɗauke. Matanmu da yara su kwana ciki, mu maza mu nemi wuri.

Haka ni da mutumin da ba ma gaisawa muka koma gindin tsamiya, tabarma ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. In ɗakin ya yi yoyo sai masuncin ya zo fuska a ɗaure ya ce, "Jinkarka na jiƙa mini bango." In hau in gyara. Ni ma da bangon ya tsage na kai ƙara cewa zai kayar mini da jinka, aka sa shi ya yaɓe. Matan kuwa tuni sun haɗa tukunya, suna ciki suna yi mana dariya. Tarin jaririya ya warke a wannan ɗakin.

Da kaka ta yi, tare muka yanko shuci muka yi masa sabuwa. Shi ya yanka mini gefen filinsa na yi gini a tudu, muka zama maƙwabta har ya rasu.

Abin da na koya shi ne, talaka ba ya zaɓen inda zai gina, inda aka rage masa yake samu. In masifa ta zo kuma, rabi take bar wa kowa, sai ka nemi mai ɗaya rabin ko da ba ka son ganinsa.