Fuskar Gadona a Gaban Motarsa

A shekarun da kuɗin mai ya fara shiga aljihun ma'aikata, kowane magidanci mai hankali a layinmu na Birnin Kudu abin amfani ya yi da nasa. Wani ya rufa wa gidansa kwano, wani ya sayi babur, wani ya kai uwarsa Makka. Nawa mijin kuwa, malamin gona guda, mai mata da 'ya'ya biyu, sai ya je ya sayo mota mai kujera biyu.

Ja ce, gajera, cikinta na neman shafar ƙasa, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Wani Bature malamin makaranta ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu, kuma ko a lokacin ta kwana biyu a duniya. Yaran unguwa suka sa mata suna Takalmi, ni ma ban ga laifinsu ba. Malam, haka nake kiran maigidan, ya sa aka fasa katanga aka yi mata ƙofa don kada ta kwana a waje. Ta shigo ta zauna daidai inda nake shanya, turmina ya koma bayan ɗaki.

Abin da ya fi so a jikinta shi ne allon gaba, katakon nan da ke fuskantar direba, inda agogon gudu da na mai suke. Dashbod yake ce masa, yana cika baki da kalmar. An yi shi ne don ƙasar da rana ba ta da zafi. Bazara ɗaya ya yi a tsakar gidanmu ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Malam ya kasa cin abinci. Lokacin da ɗanmu ya yi ƙyanda ban ga ya bar loma ɗaya a kwano ba.

Ya je Kano ya zaga, babu irinsa. Ya dawo ya ce da hannunsa zai yi sabo, ya kuma shelanta wa duk ofishinsu haka. Wani kafinta ya gaya masa sai ya sami katakon maɗaci wanda ya shekara da shekaru a inuwa, in ba haka ba zai sake tsagewa. Na ji wannan magana da kunnena, ban kawo komai a raina ba.

Gadona na maɗaci ne. Innata ce ta yi min shi a Gwaram cikin kayan ɗaki, da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ta yi shekaru tana matsa har yatsunta suka lanƙwashe. Fuskarsa, wato allon da ke wajen kai, katako ɗaya ne mai faɗi, ba haɗi. A gefensa akwai wani baƙin tabo. Lokacin haihuwata ta biyu Inna ta zo zaman jego, ta jingina fitila a jikinsa, wuta ta lashi wurin. Sai da ta yi hawaye, wai ta ɓata min gado. Har ta koma gida kullum sai ta shafa wa tabon mai da ɗan yatsanta, kamar ciwo ne zai warke.

Wata rana na je suna a maƙwabta. Da na dawo na tarar da gado babu kai, matashina a ƙasa, garin katako ko'ina a kan shimfiɗa. Malam yana gindin dalbejiya da zarto a hannu.

Na ce, "Malam, ina fuskar gadona?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ke kwantar da hankalinki. Ai da ƙafafunsa gado yake tsayawa."

"Kayan ɗakina ne fa. Inna ce ta yi min."

"To ai daraja na yi masa. A ɗaki wa yake ganinsa? Bari in gama, ke za ki fara zama a kujerar nan, in kai ki Gwaram har ƙofar gidanku. Inna da kanta sai ta yi alfahari."

Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Baƙin cikina bai hana zarton tafiya ba.

Ya cire sitiyari, ya kwance notuna, ya zaro agogunan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan tiren da nake kai wa baƙi ruwa. Wayoyin da ke bayansu kuwa finciko su kawai ya yi, bai sa wa ko ɗaya alama ba, wai duk suna kansa. Ya ɗora tsohon allon a kan nawa ya zana da fensir, ya yanka, ya huda ramukan agogo, ya bi da samfefa. Sai in ya taso daga aiki yake taɓawa, da ranakun hutu. Da aka zo shafa man sheƙi aka kafa min doka: ba shara, ba daka, ba shiƙa, kada ƙura ta hau. Girki ma sai in iska ta juya. Ga damina ta sauka, man ya ƙi bushewa, in ya bushe kuma ya ga bai yi masa ba ya kankare ya sake.

Ana cikin haka wata mai sayar da daddawa 'yar garinmu ta biyo ta gidan ta ce min Inna ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita ko tsakar gida. Na gaya wa Malam, na ce ya bar ni in bi motar kasuwa in dubo ta.

Ya ce, "Matar mai mota a bayan akori-kura, tsakanin awaki da buhuna? Me kike so mutanen Gwaram su ce a kaina? Saura kaɗan."

Da ya ɗaura allon ya mayar da agogunan, sai wayoyin da suke kansa suka fita daga kansa. Ya murza makulli, hon ya ɗauka. Ya kunna fitila, abin share gilashi ya hau rawa. Wata waya ta yi hayaƙi har sai da ya cire kan batir da gudu. Da wani lokaci ne da na yi dariya har na faɗi. Na ce ya kira bakanike, ga su nan a bakin tasha. Ya ce bayan ya gaya wa kowa shi zai yi da hannunsa? Haka zai zauna da rigar shan iska, ƙafafu a waje kai a ƙarƙashin sitiyari, yana haɗa wannan da waccan yana tsaki.

Sai ga yayana ya zo da kansa, laka har gwiwa. Bai ko sha ruwa ba ya ce, "Malam, jikin tsohuwa ya yi tsanani. Sunan yarinyar nan kawai take kira. Ka ba ni ita mu tafi yau."

Malam ya ce, "Haba Yaya, ai ni zan kawo ta. Jibi in Allah ya yarda. Ka ce wa Inna ta saurari ƙarar mota."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ba shi da ikon ɗaukar matar wani daga gidan mijinta. Ƙullin kayana yana ɗaure a bayan ƙofa, da sabon zanen da na saya wa Inna a ciki. Na ɗauka na ajiye ban san sau nawa ba. Abin da ya riƙe ni, wallahi, Innar ce da kanta. Ita ta rene ni a kan cewa mace ba ta taka ƙofa sai da izinin miji, kuma na san in na je mata a haka, da sauran numfashinta za ta ce in koma. Har yau ina jin haushin wannan tarbiyya, ina jin haushin yadda na riƙe ta.

Jibin ya zo ya wuce, wani jibin ma ya wuce. Ranar da motar ta tashi, da hantsi ne ta tashi. Na fito da mayafina, shi kuwa sai da ya wanke ta, ya goge ta, ya yi wanka, ya zaɓi hula. Muka bar yara a maƙwabta muka kama hanya bayan azahar.

Karona na farko ke nan a cikinta. Da na zauna sai ga tabon Inna daidai fuskata, baƙi ƙirin a ƙarƙashin sheƙin. Shi na yi ta kallo har Gwaram. Hanya duk ramuka da ruwa, motar ba ta da tsayi, kowane rami sai ya tsaya ya lallaɓa ta. Akori-kurar da ya ce ba ta dace da ni ba ta zo ta wuce mu, ta watsa mana taɓo.

Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zazzaune. Ba wanda ya gaya min komai. Ashe da asuba Inna ta cika, kafin azahar an kai ta. A cikin gida gwaggona ta rungume ni ta ce, "Jiya har la'asar, ko babur ne ya wuce sai ta ce a leƙa, ga su nan."

Can da aka jima na tuna ƙullina yana cikin mota, na zo bakin zaure in sa a miƙo min. Rabin masu zaman makoki sun tashi daga tabarmi sun kewaye Takalmi. Ana shafa allon, ana sa albarka. Malam yana tsaye a tsakiya, yana nuna musu yadda allurar agogo take motsi.

Wani dattijo ya ce, "Kai, Malam, ina ka samo katako mai kyau haka?"

Ya ce, "Wani tsohon katako ne a gida, ba ya aikin komai." Ya kai ɗan yatsa kan tabon ya murza. "Wannan ne kawai ya ɓata min shi. Na goge, na goge, ya ƙi fita."

Na koma ciki ban karɓi ƙullin ba.