Hoton cikin ƙarfe da Baba ya jira

Jiya a garin Tsibiri ƙanwata Rabi ta durƙusa gaban Baba, ta sa mashi wata takarda a hannu. Ya yi ta shafa ta, sama da ƙasa.

Baba maƙeri ne tun kafin a haife mu. Ita kuwa Rabi karatun kimiyya ya kai ta Turai, inda ita da abokan aikinta suke haɗa wata ƙaramar na'ura, irin ta ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Tasu dai cikin ƙarfe take leƙawa yayin da yake shan wuta da matsi. Ranar da za ta tafi abu guda ya roƙe ta, wato ta kawo mashi hoton cikin ƙarfen. Kafin ta dawo idanunshi sun rufe.

Ya ce, "Rabi, takarda kaɗai nike ji. Gaya mani, mi ke ciki?"

Ta ce, "Baba, ƙwayoyi ne ƙanana jere, kamar gero a zangarniya. In zafi ya yi yawa sai jerin ya sauya, ƙarfen ya yi laushi."

 Can ya ce, "Ashe abin da hannuna ke gaya mani ke nan in na sauke masaba a kan ƙarfe. Na so in gan shi ko sau ɗaya."

Na fita waje don kada ya ji kukana.

Ku sa mana shi a addu'a. A cikinku akwai wanda ya taɓa cika wa tsohonsa alkawari bayan lokaci ya wuce?