Kwalayen Baba Ayuba

Baba Ayuba ya rasu. Da safen nan 'yarsa ta kira ni.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai shagon buga takardu a Sabon Tasha. Shi ya koya mini aikin: katin biki, fosta, takardar jana'iza mai hoton mamaci.

Duk abin da muka buga sai ya zare kwafi ɗaya ya jefa a kwali. Ni kuwa bakina ba ya shiru, na ce, "Baba, wannan tarkacen fa? Ana tashi daga biki ƙosai za a naɗe da shi."

Ya ce, "Turawa ephemera suke ce masa. Daga Helenanci, yaren Girka, suka aro, hemera yini ke nan, wato abin yini ɗaya. Da can zazzaɓin kwana ɗaya suke kira haka, da ƙwaron da ba ya kai gobe. Amma ke bari, za a zo nema."

Aka zo kuwa. Wata mata daga Makera, gobara ta cinye ɗakinta, ko hoton mijinta ɗaya bai tsira ba. Baba ya yini yana tono har ya zaro takardar jana'izar mijin. Matar nan a ƙasa ta zauna.

Sati biyu da suka wuce na je gida duba shi. Ya ce, "Rifkatu, zo ki kwashe kwalayen nan, yaran nan ba su san darajarsu ba."

Na ce, "Sai na samu Keke-napep, Baba."

Keke fa! Wanda ke wuce ƙofata duk minti.

Yau kafin in isa, an share falo don masu zuwa gaisuwa, an raba kwali huɗu ga masu ƙosai da masu tsire na unguwa. Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Takardar jana'izar mahaifiyata tana ciki, kwafin da ke wurina ya ɓata tun da na yi ƙaura. Na bi tebur shida, kwali ɗaya kawai na samo, babu ita.

Don Allah, duk wanda ya sayi ƙosai ko tsire a Sabon Tasha kwanan nan, ya buɗe takardar kafin ya yar. In da fuska a jiki, ko ta sha mai, a ajiye mini.

Ubangiji ya ba ka hutu, Baba, ka yafe mini. Ku sa shi a addu'a, ku kuma roƙa mini in riga wuta isa wurin sauran.