Ba ni ne tauraron ba

"Baba, ba kai ne tauraron ba fa."

Haka 'yata Hafsatu ta ce, tana karanta min labarin da ta rubuta a makaranta kan gidanmu na Jakara. Ni da na taso daga talla har na kafa shaguna da gumina!

Na ce, "To, wane ne, malama?"

"Marigayiya Umma. Da idonta na ba da labarin. Kai ƙaramin tauraro ne, da safe kake fita."

Ta ci gaba da karatu. Ashe kullum in na fita, uwarta takan tsaya bayan ƙyauren soro sai ƙarar babur ɗina ta ɓace.

Ban taɓa waiwayowa ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya. Ku taya ni da amin.