Dorinar da Gado Ya Saki

Razaki, ɗan ƙanwata, ya ɗauki tatsuniyar kakata ya juya mata ƙarshe, ya mayar da ita wasan waya, ya kuma liƙa sunan tsohuwar a kai. Abin da ya yi mini ke nan. Ba zan kira shi kuskure ba, don na tambaye shi, ya kuma ba ni amsa da bakinsa.

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji biyar na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa. Na fi shekara ashirin ina lodin kamiyo, manyan motocin kaya, a bakin gadar Gaya. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gada, aiki ya mutu. Masu sauran ƙarfi suka koma dako a bakin kwale-kwale, ni kuwa bayana ya riga ya ƙare. Zaman banza ya ishe ni, sai na sayi kaye, littafin rubutu, da bik, na ce bari in rubuta abin da Kaka Hajo ta bar mana kafin in bi ta. Wata huɗu ina fama. Rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma na cika kayen.

Kaka Hajo uwar babana ce, bandar kifi sana'arta, a ƙauyenmu na bakin kogi, ƙasa da Gaya kaɗan. Lokacin ma soja ke mulki, sai dai mu yara iyakar saninmu da gwamnati rediyon baba ne. In sanyi ya sauko, an ci tuwo an wanke hannu, sai mu kewaye murhun bandarta. Hayaƙi na cin ido, baya na shan sanyi, gaba na shan wuta. Da hannu take juya kifi, ba ta san zafi ba. Mu bakwai ne ko takwas, ni ne mai matsowa kusa ko kan kifi zai faɗo.

"Angona, ja da baya," in ji ta. "Kifin kasuwar Malanbil ne wannan. Miji ko goro bai kawo ba, ya zo yana lasar baki."

Ba ta fara tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga itace a gefen murhu sau uku ta ce, "Jirgi ya iso gaɓa, wa zai shiga?" Mu ce, "Mun shiga, Kaka, tura!" Duk wanda bai amsa ba, ta ce an bar shi a tudu, ya je ya kwanta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Gado, wani masunci. Wata dorina mai tsagen kunne ta kife jirgin ubansa, sai bayan kwana uku aka tsinci gawar. Gado ya rantse a kan kabari ba zai kwanta a tabarma ba sai ya ga bayanta. Shekara bakwai yana bin ta da zago, babban mashin nan na masu farautar ruwa. Tarunsa ya ruɓe. Matarsa ta gaji ta koma gidansu. A zaune yake gyangyaɗi, zago a cinya. In Kaka ta zo wurin kukan dorina sai ta kumbura kumatu ta yi gurnani, ƙananan cikinmu su ƙanƙame juna, ita kuma ta yi ta dariya har tari ya kama ta.

A shekara ta bakwai ruwa ya ja baya ƙwarai. Gado ya ɗana igiya a hanyar da dorinar ke fita kiwo, igiya ta kama ta a ƙafa, ta kafe cikin taɓo. Ya zo ya tsaya a kanta.

"Ya ɗaga zago," in ji Kaka. Sai ta yi shiru. Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu, ta gyara itace, mu kuwa ko numfashi ba ma yi. Sannan ta ce, "Ya sake ta."

"Sai ta ba shi zinariya, ko Kaka?"

"Dorina ce fa, ba 'yar kasuwa ba. Ta shige ruwa ko waiwaye babu."

"To shi me ya samu?"

"Barci. Ya je gida ya shimfiɗa tabarma, bai tashi ba sai da rana ta take. Mun kai gaɓa, kowa ya sauka."

Ni haushi take ba ni. Na ce mata tatsuniyar nan karyayya ce, da ni ne sai na soke dorinar. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Na sani, angona. Shi ya sa kowane sanyi nake faɗa maka ita."

Ban ji ba. Na girma na yi tawa dorinar. Shekara goma sha uku ba na magana da yayana a kan iyakar wata gona a Yelu, faɗin da bai wuce taki huɗu ba. In na gan shi a kasuwa sai in canza layi. Ranar da muka sa shi a rami, na dawo gida na kwanta, ido ya ƙi rufuwa, sai ga muryar tsohuwa a kunnena tana cewa "barci". Ban ce na gyaru ba, har yau ni mai riƙo ne. Na dai gane abin da take ta ƙoƙarin ba ni, a lokacin da babu sauran wanda zan saki.

Razaki ya zo Sallah daga Yamai, inda ya karanci aikin ordinater, wato kwamfuta. Ya ga kayen, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, yana ta cewa, "Kawu, ai wannan dukiya ce." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya taɓa yabon rubutuna.

Bayan wasu watanni, wata rana da magariba an ɗauke wuta, na tara yarana na ce jirgi ya iso gaɓa. Na kai wurin ɗaga zago, na yi shiru kamar yadda take yi, na ce ya sake ta. Sai Balkisa, 'yata mai shekara goma sha ɗaya, ta ce, "Baba, ka manta. Soke ta yake yi. Sau uku ma, a nibo na ƙarshe." Ta ɗauko wayar uwarta ta nuna mini wasan Razaki, ashe nibo matakin wasan ne. Ga Gado da faɗin ƙirji, ga jini ya rina kogi, ana kiɗa ana ɗaga shi sama. A saman an rubuta: Tatsuniyar Kaka Hajo. Ta ce duk 'yan ajinsu sun sani. Ashe har 'yan kabu-kabun tasha shi suke bugawa in babu fasinja. Ni kaɗai a Gaya na zama wanda bai iya tatsuniyar kakarsa ba.

Da Razaki ya dawo wani bikin suna, na same shi da hantsi a gidan uwarsa, na ajiye kayen a gabansa. Ya buɗe shafin ya ɗora yatsa.

"Kawu, dubi 'a' ɗinka. Wallahi kamar 'o' take. Ni 'soke' na karanta."

Na duba. Gaskiyarsa, wutsiyar harafin ba ta fito ba. Na ce ya karanta layin ƙasa. Ya karanta: ta shige ruwa ko waiwaye babu.

"Gawa ce ta shige ruwa?"

Ya sosa ƙeya yana 'yar dariya. "To, daga baya na gane. Amma Kawu, mutum ya yi nibo bakwai yana bin abu, a ƙarshe a ce ya saki? Goge wasan za su yi."

"Ka gwada?"

"Ba sai an gwada ba."

Uwarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Yaya Salifu, wasan yara ne fa." Ban kula ta ba. Na ɗauki kayena na tashi tsaye, na ce masa:

"Razaki, harafin nawa ne, na ɗauki laifinsa. Amma da ka gane ka bar shi, wannan naka ne. Wasa naka ne, ka soke dorinarka sau dubu, ba ruwana. Sai dai ko ka ƙara wurin dannawa ɗaya da yaro zai iya kwance igiyar, ko ka cire sunan Hajo. Kalma ɗaya matar nan ta yi ta faɗa mini ban ji ba sai da na binne yayana, ba zan zauna 'yata ta koyi kishiyar kalmar da sunanta ba. Ba zan yi gaba da kai ba. Na gaji, barci nake so. Amma har ka gyara, kada ka ƙara ce mata Kaka a gabana."